A Gidan Wa Za a Yi Jego

Unguwar Kanya, ta Tsanyawa
7 ga Agusta, 2023

Zuwa ga 'yar Gwaggonta,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da mai gidanki Malam Ishaya da abin da kike ɗauke da shi. Mu nan lafiya lau. Ruwa yana sauka yadda ake so, gero ya fara fitar da kai. Ƙafar Babanki ta yi sauƙi, har ya koma gona. Ƙannenki suna gaishe ki.

Safiyatu mai sarin dankali ta kawo saƙonki daga Jos, wasiƙa biyu, tawa da ta Gwaggo Asabe. Tawa rabin shafi ce, tata shafi biyu har da bayansu. Ba ƙorafi nake yi ba, na dai lura.

Kin tambaya me ya sa ba na karɓar wayar Babanki mu yi magana. Ke ma kin sani. Ke ce 'yar fari, ban taɓa kiran sunanki da bakina ba, ba kuwa a gaban Babanki zan fara hira da ke ba. Takarda ba ta kallon idona. Shi ya sa na shiga ajin karatu na zumuntar mata da furfura a kaina, ana yi mini dariya. Ita kuma Gwaggonki kunnenta ba ya ɗaukar waya, karatu kuma ta ce ya wuce ta, don haka ni nake takawa Tudun Kaba in karanta mata, in rubuto miki amsa.

Na je na karanta mata. Maganar da kika yi cewa kina so ki zo ki haihu a gidanta ki yi wankan jego a can, ga amsarta. Ta ce ta gode, amma bayanta ba zai iya ba. Ta ce ɗaukar ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in ba aikin tsohuwa ba ne. Ta ce ki zo gidan uwarki.

Ni dai na rubuto yadda ta faɗa. Yayar Babanki ce, ita ta riƙe ki tun daga yaye, ita kike kira Inna, ni kuwa Yaya kike ce mini yadda kika ji ƙannena suna faɗa. Amma tunda ita ta ce haka, ɗakina yana nan, har na sa an gyara rufin. Haihuwa shida na yi, na san zafin ruwan da jikin mai jego yake so. Ita Allah bai ba ta ba, ba laifinta ba ne, amma abin da mutum bai taɓa yi ba bai taɓa yi ba.

Kada ki hau acaɓa. Kada ki daɗe a tsaye a asibitin naku, ba ke kaɗai ce nas ba. Ki riƙa cin zogale.

Ni ce,
Larai

Jos
19 ga Agusta, 2023

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da Baba da yara. Mu ma lafiya. Na je awo jiya, likita ta ce komai daidai, haihuwa sai farkon Disamba in Ubangiji ya yarda. Za a ba ni hutu tsakiyar Nuwamba.

Na karanta amsar Inna a wurin aiki. Sau uku na karanta, sannan na shiga ɗakin da muke ajiye magani na rufe ƙofa na yi kuka. Yaya, da bikin Ista da na zo, Inna ce ta kama hannuna a bakin rijiya ta ce, "Ranar da za ki haihu, ko da rarrafe ne, ni zan dafa ruwan." Me ya faru daga Ista zuwa yanzu? Ko na yi mata wani laifi ne ban sani ba? Na kira Baba, ya ce shi ba ya shiga maganar mata.

Tunda haka ta ce, zan zo gidanku. Amma ga wata 'yar takarda na sa a ciki, don Allah ki karanta mata. Na ce mata in laifi na yi ta faɗa mini, in kuma bayan ne kawai, akwai maganin shafawa da zan aiko.

Abu ɗaya tun yanzu, kada mu yi faɗa a kai daga baya: kunun kanwa kaɗan zan sha, ruwan wanka kuma ba mai sale fata ba. Ina ganin matan da ake kawo mana saboda wannan.

Taki,
Rahila

Unguwar Kanya
4 ga Satumba, 2023

Zuwa ga 'yar Gwaggonta,

Gaisuwa cikin Ubangiji. Muna lafiya, sai Babanki da mura ta kama, ta kuma sake shi. Na gode wa Allah da awon ya yi kyau.

Kin ce za ki zo "gidanku". To, na gani. A ɗakin da kike ce wa namu aka yanke miki cibi. Kuma kuka kika yi har da rufe ƙofa don an ce ki zo wurina. Ban san dawa za a kai ki ba.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Ranar da aka yaye ki, Gwaggo ta zo da sabon zani ta goya ki. Ina tsakar gida ina daka. Kakarki tana zaune tana kallona, ta ga ko zan ɗaga kai in ba su kunya. Ban ɗaga ba. Kina kuka kina miƙo hannu, ni ina ta daka geron da ya riga ya zama gari. Aka ce Larai yarinya ce mai kunya, aka yaba mini. Shekarata goma sha takwas. Daga nan haƙorinki na farko da ya faɗi ita ta gani, ranar baftismarki ita ta riƙe miki tawul, ranar aurenki ita aka zaunar a gaba, ni ina wurin tukwane.

Takardar da kika aiko na karanta mata. Ta ce babu laifin komai, ki kwantar da hankalinki.

Yanzu kuma ga abin da ta ɓullo da shi. Ashe tun bazara take tara itacen wankanki a bayan ɗakinta. To shi take kwasowa a ka, dami ɗaya kullum, tana ratso gonaki tana jibge mini a ƙofar gida. Jiya har da tukunyar ƙarfen da ta saya. Na ce, "Gwaggo, ki bari mana, mu ma muna da itace." Ta ce, "Naki ɗanye ne, zai yi wa jariri hayaƙi." Kin ji. Ko a itace sai ta fi ni. Matan unguwa suna ta cewa kai, Asabe akwai zuciya. Ni ba mai cewa komai a kaina.

Jiya Lahadi aka yi Jibin Ubangiji a majami'a. Da farantin gurasar ya zo gabana na bar shi ya wuce. Matar fasto ta tambaye ni bayan sujada, na ce cikina ne ba daɗi.

Ki rubuto mini ko ƙafafunki suna kumbura.

Larai

Jos
16 ga Satumba, 2023

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Lafiyata ƙalau, ƙafa ba ta kumbura.

Abin da kika faɗa na ranar yaye ban taɓa ji ba. Na daɗe da takardar a hannuna. Ki yi haƙuri da "gidanku", ban yi nufin komai ba.

Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Bayan da ba zai iya ɗaukar ruwa daga murhu zuwa makewayi ba, yaya yake ɗaukar itace daga Tudun Kaba zuwa Unguwar Kanya? Kuma Safiyatu ta ce ta haɗu da Inna a hanya da dami a kanta, ta ce mata, "Gwaggo, ina za a kai?" Inna ta ce, "Gidan Larai. Yarinyar ta rubuto ta zaɓi gidan uwarta, kuma ta yi daidai." Safiyatu ta ce tana faɗa tana kallon ƙasa.

Yaya, ni ban rubuta haka ba. Cewa na yi gidanta nake so.

Na yi ta tunani. Na san rubutuna ba shi da kyau, mu ma'aikatan asibiti haka hannunmu yake, ke kuma ba ki daɗe da fara karatu ba. Ko layin ne ya rikice miki, kika karanta mata wani abu dabam, ita kuma ta ba da amsar ciwon baya don kada in ji nauyi? Ki gaya mini ko haka ne.

Taki,
Rahila

Unguwar Kanya
25 ga Satumba, 2023

Zuwa ga 'yar Gwaggonta,

Gaisuwa. Muna lafiya, an fara girbin gero.

Ina jin haka ne, yadda kika ce. Rubutunki ƙanana ne, idona kuma ya fara hazo, ɗakin Gwaggo ba haske. Mai yiwuwa na tsallake layi. Kin san da girma na koya. Kuskure ne, a yi haƙuri.

Aiki ya yi yawa, ba zan tsawaita ba.

Larai

Jos
7 ga Oktoba, 2023

Yaya,

Wayyo, ai ba komai! Kin sauke mini dutse daga ƙirji. Kuskuren karatu wa ya wuce shi? Ni ce ma da laifi da na cika ƙananan rubutu. Na yafe, kada ki ƙara tunawa. Ga tabarau na karatu na ba Safiyatu ta kawo miki, in bai yi daidai ba ki faɗa a canza.

Mun yi shawara da Ishaya. Tunda kin gyara ɗaki, itace da tukunya kuma sun riga sun zo wurinki, kada a sake wahalar da Inna. Gidanki zan sauka. Ki dai bayyana mata cewa layi ne ya rikice, kada ta zaci na guje ta.

Ki gaishe da Baba da sannu da girbi.

Taki,
Rahila

Unguwar Kanya
30 ga Oktoba, 2023

Zuwa gare ki,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Mai Ceto. Kowa lafiya. Na san kin ji shiru mako uku. Ba ciwo na yi ba. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Tabarau ya zo. Na sa shi, Babanki ya ce na koma malamar makaranta, yara suka yi ta dariya. Na cire na sa a ƙarƙashin katifa. Idona lafiyarsa ƙalau, har zare nake sa wa allura.

Abin da nake so na samu. Kin ce gidana za ki sauka, kin kuma ce kin yafe. Sai ga shi barci ya ƙi zuwa. In na buɗe baki zan yi addu'a, sai in ji kamar da bango nake magana. Na yi ta gaya wa kaina cewa ai an yafe mini, ga shi a rubuce.

Ranar Alhamis na je wurin matar fasto, na same ta tana tsinke gyaɗa a gindin ɗorawa. Na zauna ina taya ta. Can na ce, "Mama, in mutum ya yi kuskure aka yafe masa, ai magana ta ƙare ko?"

Ta ce, "Ta ƙare, in kuskuren ya yi."

Ta ci gaba da tsinka ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Larai, wata biyu ciki yana hana ki Jibi, amma na ga bai hana ki ɗanwake ba."

Sai na gaya mata. Amma na fara da ranar yaye, da tawul, da tukwanen biki. Ta bar ni har na gama. Ta ce, "Wannan ciwo ne, kuma na gaske ne, ki kai wa Ubangiji shi. Amma ciwonki dabam, abin da kika yi dabam. In kika je asibitin 'yarki da ƙafa tana ruɓa kika ce kanki ke ciwo, maganin me za a ba ki?"

Na ce, "Na ciwon kai."

Ta ce, "To shi kika sha. An yafe miki rashin gani, ke kuwa kina gani. Yesu ba don rashin tabarau ya hau gicciye ba, Larai, don zunubi ne. In kin ce ba ki da shi, me zai ɗauke miki?"

Na ce, "Ai Allah ya riga ya sani."

Ta ce, "Ya sani. Ba labari za ki ba shi ba. Yarda za ki yi da abin da ya gani, ki kira shi da sunansa. Sannan ki je wurin waɗanda kika cuta."

To ga sunansa. Ban tsallake layi ba. Na ga inda kika rubuta, "Inna, gidanki nake so in haihu," na gan shi sarai, na buɗe baki na karanta mata, "gidan Yaya nake so in haihu." Ba ta taɓa cewa bayanta yana ciwo ba, ni na ƙirƙira. Abin da ta ce shi ne, "To, Allah ya sauke ta lafiya," ta tashi ta shiga ɗaki. Takardarki ta biyu kuma gaisuwar kawai na karanta mata, na naɗe sauran. Da kika ba ni hanyar fita, na bi, wannan ƙarya ta uku. Kishi ne. Karatun da na koya don in karanta maganar Allah, da shi na raba ki da ita. Na yi wa Allah zunubi, na yi muku.

Na durƙusa a ɗaki na faɗa masa haka, ban sa ranar yaye a ciki ba. Washegari da hantsi na ɗauki wasiƙunki na tafi Tudun Kaba.

Kin san kunnenta. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa a hankali. Na zauna kusa da ita na ce, "Gwaggo, ƙarya na yi miki."

Ta ce, "Me?"

Na ƙara murya. Ta ce, "Wa ya yi me?"

Sai da na ɗaga murya kamar mai kiran awaki: "Na ce ni na yi miki ƙarya! Gidanki ta ce!" Matan gidan da ke bayan danga suna daka, na ji taɓarya ta tsaya. Haka na faɗi sauran duka, unguwa tana ji.

Ta ce, "Karanta." Na karanta mata ta farkon yadda take, da ta biyun. Ta ce in sake, na sake. Ta goge ido da bakin zani ta ce, "Wata uku ina kwana ina tashi da cewa yarinyar nan ta gaji da ni."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ke kin zaci ni ba na kishinki? Duk wanda ya gan ta sai ya ce ga fuskar Larai. Ni na yi mata wanka, ni na yi jinyar ƙyandarta, ba wanda ya taɓa cewa ta yi kama da ni." Sannan ta ce, "Na yafe, don ni ma an yafe mini da yawa. Amma yau ba zan raka ki ba."

Na fito ni kaɗai.

Yanzu saura ke. Yafewar da kika yi mini ba tawa ba ce, na dawo miki da ita. In za ki yafe, wannan za ki yafe. Inda za ki sauka kuma ke za ki faɗa, ba ni da bakin magana. Daga yau ki riƙa aika wasiƙun Gwaggo wurin matar fasto, ta ce za ta riƙa karanta mata.

Larai

Jos
11 ga Nuwamba, 2023

Yaya,

Ina gaishe ki. Ina lafiya, nauyi ne kawai.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Kwana huɗu ban iya ɗaukar biro ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni na zauna na nemo miki uzuri, har na shiga kasuwa da wannan cikin ina zaɓar tabarau. Da Inna da dami a ka. Ishaya ya ce in bari sai na huce, na ce masa ba uwarsa ba ce.

Da na huce sai na ga nawa. Shekara nawa ina rubuta miki rabin shafi, na kuma san kina lura. Na ɗauka ba kya so na ne, tunda ba kya kallona, sai na riƙa ramawa da gangan. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ki yafe mini wannan.

Na yafe miki ƙaryar, duka ukun. Ita na yafe, ina sane da abin da nake yafewa.

Gidan Inna zan sauka, yadda na faɗa tun farko. Na san zai yi miki zafi, amma shi ne daidai. Ina so ki riƙa zuwa, Inna ba ta taɓa yi wa mai jego wanka ba, ke kika sani.

Maganar matar fasto kuma a'a. Ki yi mata godiya. Ga wasiƙar Inna a ciki, ke za ki karanta mata, ke za ki rubuto amsa. Ba zan tambayi Safiyatu ko kowa ba.

Taki,
Rahila

Unguwar Kanya
17 ga Nuwamba, 2023

Zuwa gare ki,

Gaisuwa cikin Ubangiji. Muna lafiya, an shigar da dawa rumbu.

Na gode. Rabin shafin na yafe, ko da yake ni na koya miki shi.

Na je na karanta mata duka, da ƙarfi. Wurin da kika ce babu mai miyar kuka irin tata, kuma ƙamshin ɗakinta kike mafarki, sai da na tsaya. Ta ce, "Me ta ce a nan?" Na maimaita. Kishin bai tafi ba, kada ki zaci ya tafi. Sai dai yanzu in ya taso ina gaya wa Ubangiji a take, ba na jira ya yi wata uku.

Ki taho ranar Laraba a motar safe, ki zauna a gaba, kada ki yarda a matse ki. Ki wuce Tudun Kaba kai tsaye, kada ki biyo ta nan. Ni sai washegari zan zo.

Ga amsarta, yadda ta fito daga bakinta: "Ki gaya wa 'yata na shafe ɗaki, na yanka mata zakara a zuciyata tun yanzu. Ta zo."

'Yata ta ce. Haka na rubuta.

Larai